Na'ura Ta Zo Birni, Yaushe Za Ta Iso Goronyo?

Tun da aka kafa Hukumar Katin Shaidar Ɗan Ƙasa a 2007 ake yi mana albishir cewa kwamfuta za ta raba talaka da dogon layi. Ba mu musa ba. Yau mai neman lasin tuƙi yana iya cike takarda ya biya kuɗi ta intanet, kuɗin su faɗa baitulmali maimakon aljihun ɗan kamasho. Wannan ci gaba ne, mun kuwa yaba.

Amma fa a duba gabashin Sakkwato. Manomin shinkafa a Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance, da direban da ke ɗauko albasa daga Goronyo, da ɗalibi a Rabah, mahaifar Sardauna, duka an ɗaure su da lamba guda mai alƙaluma 11. A Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa ta da layin wayarsa, daga 2021 kuma aka sa ta cikin sharuɗɗan jarrabawar shiga jami'a. Ga shi hoton yatsa ba ya aikuwa ta waya, dole mutum ya je da ƙafarsa. In ya tarar babu wuta ko babu sabis, kuɗin mota da yinin gona sun tafi a banza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: nan ɗan kamasho ke dawowa ta bayan gida.

Ba mu manta da Satumba 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Rabah da Goronyo, saboda 'yan bindiga. Hukumar da ta jingina komai ga intanet, me ta tanadar wa irin wannan rana?

Shawararmu ita ce a ɗauki na'urar a kai wa mutane. A riƙa bin kasuwanni ranar cinsu da na'ura mai aiki da hasken rana, wadda za ta adana bayani har a sami sabis. A rubuta takardun da Hausa, a manna farashin kowane aiki a ƙofar ofis.

Mu kuma ɗalibai da ƙananan ma'aikata, gobe mu ne bayan teburin nan. In dattijo ya zo daga ƙauye da takardarsa, kada mu ce masa ya dawo gobe, kada kuma mu miƙa hannu. Allah ya sa mu riƙe amana.