Gida Bai Ƙoshi Ba, An Kai Wa Dawa

'Yan'uwa ɗalibai, malamanmu da iyayenmu, muna roƙo ku ba mu aron hankalinku a kan wani abu da kowa ke yi sau biyu ko sau uku a rana, amma ƙalilan ne ke tsayawa su yi tunani a kansa, watau abincin da ake dafawa a gidajenmu. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To, kafin wannan uwa ta kai mu gaban likita, daga bakin murhu take fara yi mana kashedi.

Ƙasarmu ba ta rowa

Duk wanda ya san Talatar Mafara da Bakura da Maradun ya san ƙasar noma ce. Tun shekarar 1978 aka gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka tsara ba da ruwa ga fili mai kimanin hekta 23,000 a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Ba a banza aka same ta ba, gama manoma da yawa sun rasa gonakin gado, waɗansu kuma sun rasa rayukansu a rikicin da ya ɓarke a shekarar 1980 a kan batun diyya. Albarkacin wannan ruwa ake noman rani na shinkafa, masara, tumatir, albasa, tattasai da dankali. Da damina kuma ga gero, dawa, wake da gyaɗa. A bayan ɗaki ga zogale, a bakin gona ga kuka da ɗorawa, ga Fulani da nono.

Amma mu dubi abin da ke faruwa ranar Talata. Maigida ya ɗauki buhun wake ya nufi kasuwa, uwargida ta tara ƙwan zabi da na kaji ta ba yaro ya sayar. An tsince gyaɗa mai kyau an auna wa ɗan kasuwa. Da yamma sai a komo da taliyar leda, da sukari, da dunƙulen ɗanɗano, da lemon kwalba domin baƙi. Motoci su yi lodin abinci mai gina jiki su nufi Gusau da Sakkwato da Legas, mu kuwa mu kwana da tuwo da miyar da ba ta da kome sai gishiri da barkono. Wannan shi ne gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa.

Abin da yake jawo mana

Cika ciki daban, ciyar da jiki daban. Tuwo da shinkafa da taliya suna ba da ƙarfin aiki, amma su kaɗai ba su isa gina tsoka da jini da ƙwaƙwalwa ba. Yaron da ba ya samun wake, gyaɗa, nono, ƙwai ko kifi yakan tsumbure, kuma tsumburewar da ta kama yaro kafin ya cika shekara biyu da wuya a gyara ta daga baya. Rashin ganye da kayan lambu irin su kabewa, karas da mangwaro yana kawo dundumi. Ƙarancin jini kuwa yana sa ɗalibi kasala da gyangyaɗi a aji, yana kuma jefa mai ciki cikin hatsari ranar haihuwa.

Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. A shekarar 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, cikin jiharmu ta Zamfara, ta tarar wajen yaro ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. A ɗaya gefen kuma, manya na fama da hawan jini da ciwon sukari, cututtukan da a dā ake ce musu na masu kuɗi, yanzu kuwa sun shiga gidan kowa.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce, "Ku yara ne, ba ku san wahalar cefane ba." Gaskiya ne, ba mu ke fitar da kuɗin ba. Mun kuma san 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu, musamman a yankin Maradun, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 farashin kome ya tashi. Wanda aka kora daga ƙauyensu, ba ya da ko tiya ɗaya ta gero, ba shawarar girki yake bukata ba, taimako yake bukata da zaman lafiya, kuma hakkinsa yana kan hukuma da mu duka. Maganarmu da gidajen da har yanzu ake ɗora tukunya ne. A irin waɗannan gidaje, sau da yawa kuɗin da aka kashe a kan lemon kwalba biyu zai sayi waken da zai ƙosar da yara.

Hikimar kakanninmu

Kakanninmu ba su karanta ilmin abinci ba, amma dubi abin da suka bar mana. Sun haɗa fura da nono, koko da ƙosai, shinkafa da wake, hoce da ƙuli-ƙuli, kunu da gyaɗa. Yau masana sun tabbatar cewa hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki wanda wake ke da shi da yawa, shi ma wake yana da ƙarancin wani wanda hatsi ke da shi. In an haɗa su sai kowane ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Haka nan kwaɗon zogale ko na rama, da dambu mai ganye, da miyar kuka, kuɓewa, yakuwa, lalo da karkashi. Ita daddawa, wadda ake yi da kalwa, ban da ɗanɗano tana ƙara wa miya abin gina jiki. Abin baƙin ciki, yanzu waɗansunmu kunya suke ji a ji warin daddawa a gidansu, wai ƙauyanci ne.

Me ya maye gurbinta? Dunƙulen ɗanɗano, wanda wajen rabin nauyinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mu kuwa sai a jefa dunƙule biyar ko shida a tukunya, a bi da gishiri, a kuma barbaɗa yaji mai gishiri a kan tuwo. Ta wajen sukari ma haka ne. Hukumar ta ce kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, alhali kwalba guda ta baƙin lemo mai rabin lita ta riga ta kai wannan adadi, tun ba a lissafa na shayi da na koko ba.

Ba mu ce duk abin da aka gada daidai ne ba. Akwai al'adun da ya kamata mu bari. Har yanzu a waɗansu gidaje ana hana yaro ƙwai, wai zai yi sata. Tsokar nama ta maigida ce da baƙinsa, yara sai romo da ƙashi, uwa mai shayarwa kuwa ita ce ta ƙarshen ci. Alhali yaro mai girma da mace mai ciki ko goyo su suka fi kowa bukatar wannan tsoka.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Ga abubuwan da muke ganin kowane gida zai iya farawa da su.

Na farko, kafin a kai amfanin gona kasuwa, a ware na gida. Buhun wake ɗaya da na gyaɗa ɗaya da aka ajiye da kaka sun fi kuɗinsu amfani, domin da bazara ninki za a sayo su.

Na biyu, a daina cin abin da kasuwa ta ƙi. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ko suya ba su kashe wannan guba. A shanya hatsi ya bushe sarai kafin a zuba a rumbu, ruɓaɓɓe kuma a zubar.

Na uku, ganye ba ya son daɗewa a wuta. A sa alayyafo ko zogale gab da sauke miya, a rage kanwa, domin yawanta na kashe waɗansu sinadaran abinci. In za a shanya ganye don rani, a shanya a inuwa.

Na huɗu, a rage dunƙule ɗaya-ɗaya, a ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Gishirin da za a saya kuma ya zama mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun shekarar 1993 don maganin maƙoƙo.

Na biyar, jariri ya sha nonon uwa zalla har wata shida. Bayan haka a dama masa kunun gero da aka niƙa tare da soyayyen waken suya da gyaɗa, ba farin koko tsararo ba.

Na shida, tsabta. A wanke hannu da sabulu kafin girki da kafin ci, a rufe abinci, ɗumame kuma ya yi zafi sosai. Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum sun ga bala'i a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, saboda ana daka da niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, inda yara ke rarrafe, inda kuma ake girki. Abin da ya shiga turmi, ciki zai shiga.

Mu ɗalibai fa?

Kada mu ɗora wa iyaye laifin duka. Mu ne kan ture kwanon wake a ɗakin cin abinci, mu ruga shago mu sayi biskit da lemo. Mu ne kan koma hutu mu ɓata rai in an tuƙa tuwon dawa, mu ce sai taliya. Ilmin da muke koyo a darasin kimiyya da na aikin gona ba don jarrabawa kaɗai ba ne. In ya tsaya a cikin littafi bai isa madafa ba, to kuɗin makarantar da aka biya mana bai gama aikinsa ba.

Saboda haka, a hutun nan mai zuwa kowannenmu ya dasa zogale ko da guda biyu a bayan ɗaki, ya yi ɗan fangalin alayyafo inda ruwan wanke-wanke ke zuba. Mu zauna kusa da kakanninmu mata mu koyi yadda ake daddawa da dambu tun suna raye. Samari ma kada su ce girki aikin mata ne, gama gobe makaranta ko aiki zai kai su inda babu uwa babu ƙanwa, kuma an ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. In za mu yi wa iyaye magana, mu yi da ladabi, kada mu shiga gida da "an koya mana a makaranta". Mu ɗauki tsintsiya da wuƙar yanka albasa tukuna, sa'an nan shawara ta biyo baya.

Iyayenmu maza, in an yanka kaza, muna roƙo a fara duban kwanon yara da na mai goyo. Iyayenmu mata, kada ku ji kunyar miyar da kuka gada. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaran da ake sa ran su noma filayen Bakolori gobe, su koyar a azuzuwan nan, su yi aiki a asibitocinmu, yau ne ake zuba musu wannan ruwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.