Ƙullutu a Mama: Likita ne ke da Hukunci

A gidajenmu na Fagge da Sabon Gari akwai mata da yawa da ke kwana da tsoron da ba su faɗa wa kowa ba. Mace ta taɓa ƙullutu a mamanta, zuciya ta raya mata ciwon daji ne, kunya ta rufe mata baki, sai ta aika yaro kemis ko wurin mai maganin gargajiya.

Mu sani cewa mafi yawan irin wannan ƙullutu ba daji ba ne. Akwai yanayin da likitoci ke kira faiburosistik, wanda ya yawaita ga mata tsakanin shekara 30 zuwa 50. Sauyin sinadaran jiki masu tafiyar da haila ne ke sa naman mama ya yi kauri, ƙananan jakunkunan ruwa su fito. Yana zuwa da nauyi da zafi, galibi a ɓangarorin biyu, ya tsananta gab da haila, ya lafa bayanta.

Sai dai hannu kaɗai ba ya rarrabe shi da sankara. Ƙullutu mai tauri da ba ya motsi, jini daga kan mama, fata mai kama da ɓawon lemo, ko kumburi a hammata, duk suna buƙatar likita ba tare da jinkiri ba. A Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano ana dubawa, a ɗauki hoto, a ɗebi samfuri idan akwai buƙata. Zancen da ake yi cewa daji ba ya son allura ya cinye rayuka.

Shari'a ta kwaɗaitar da neman magani, malaman fiƙihu kuma sun halatta buɗe al'aura gwargwadon lalura: a nemi likita mace, idan babu, namiji ya duba a gaban miji ko muharrami. Don haka maigida, ka ba da izini, ka ba da kuɗin asibiti, ka raka ta. Amana ce a wuyanka.

Ke kuma 'yar'uwa, ki riƙi wankan tsarki na kowane wata a matsayin tunatarwa. A kwanakin da ke biye da shi mama ya saki, ki duba kanki, abin da ya sauya ki kai wa likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.