Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Ƙungiyar Katsina United



Daga Ƙanƙara, ƙasar Pauwa, nake rubuto muku a madadin matasan da ke cincirindo a bakin rediyo duk ranar da Katsina United za ta buga wasa. Ba mu manta da 2022 ba, shekarar da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu tare da Kano Pillars, sai a 2023 ta dawo. Ba ma fatan sake ganin irin wannan faɗuwar.

Duk kocin da kuka ɗora wa jagoranci, ku sakar masa mara. Shi zai zaɓi mataimakansa, da mai horar da masu tsaron gida, da likitan 'yan wasa. Kada a cusa masa ɗan wane, sannan in an sha kashi sau uku a ce ya tattara kayansa. A biya albashi da alawus a kan kari, domin mai tunanin kuɗin haya ba ya buga ƙwallon kirki.

Filin wasa na Muhammadu Dikko dukiyar jiha ne. A kula da ciyawarsa da fitilunsa, a kuma tsare baƙi da alƙalan wasa.

Roƙona mafi girma shi ne ku turo masu farautar 'yan wasa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Matsalar tsaro ta sa an daina leƙo mu, amma da la'asar yaranmu na nan suna murza leda a filayen firamare, wasu ba takalmi, duwatsu ne ragarsu. Ku zo ku gan su.

Naku,
Wani magoyin baya daga Ƙanƙara