An Hana Rubutu: Wa Ya Hana?

A Hausa akwai ɗan ƙaramin lafazi, "an", wanda aikinsa shi ne sakaya mai aikata aiki. An kama, an rufe, an hana; ba a faɗi ko wane ne ba. Irin wannan zance kwamfuta ke yi wa ɗalibanmu idan suka jona rumbun ajiya na waje, wato faifan nan da ake soka wa kwamfuta ta kafar USB, suka nemi adana aiki a cikinsa. Sai ta amsa da Turanci a taƙaice cewa an hana izini, ko kuma rumbun na karatu ne kawai. Daga nan hankali ya tashi.

Matsalar ta fi addabar masu gudanar da kwamfuta cikin kwamfuta. Manhaja irin su VirtualBox kan ba mutum damar saukar da Windows ko Linux a matsayin baƙo cikin wata na'urar da ke zaman mai masauki. Ba don ƙawa ake yin haka ba. Mu masu nazarin harshe, alal misali, muna tsara ƙamus da manhajar FieldWorks, wadda ba ta aiki kai tsaye a kwamfutar Apple. A Aliero kuwa, inda aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006, ɗalibin kwamfuta kan buƙaci Linux alhali Windows ce a na'urarsa.

To, wa ya hana? Sau da yawa mai masaukin ne. Rumbuna da dama kan zo da tsarin NTFS, wanda Microsoft ya fito da shi a 1993. Kwamfutar Apple tana karanta wannan tsari amma ba ta rubutu a cikinsa, kuma baƙo ba ya shiga ɗakin da mai gida kansa ba shi da mabuɗinsa. Maganin shi ne a miƙa wa baƙon rumbun kai tsaye ta USB. Wani lokaci kuma sunan mai aiki ne ba a sa ba a rukunin da VirtualBox ke kira vboxsf.

Dalilin da ya fi damuna shi ne wanda muke jawo wa kanmu. Wuta ta ɗauke, batirin na'ura ya daɗe da mutuwa, ko mai ita ya fizge waya cikin gaggawa don kada motar Jega ta bar shi. Rumbun sai ya kasance da alamar cewa ba a kammala rubutun ƙarshe ba. Linux in ya ga alamar, yakan ƙi rubutu don kada ya ɓata abin da ke ciki. Wato hanin nan kariya ce. A mayar da rumbun kan Windows, a bar ta ta duba shi, a cire shi bisa ƙa'ida, galibi shi ke nan.

Abin takaici, shawarar da ake yawan ba mai rumbun ita ce a yi masa fomatin, a shafe shi ƙarƙaf. Lalle zai koma karɓar rubutu, amma fanko. Aliero gari ne da ya yi suna da ɗori, kuma babu mai ɗorin da zai yanke ƙafa tun bai lalubi ƙashi ba. Rumbun da ya ƙi rubutu ai bai ƙi karatu ba. Me zai hana mai gyara ya fara kwashe komai zuwa wani wuri?

Mai karatu ya dubi abin da ke cikin irin waɗannan rumbuna. Kundin digiri ana iya sake rubuta shi, ko da da hawaye. Amma ɗalibin da ya shafe watanni a ƙauyukan Maiyama yana naɗar muryar tsofaffi, da tatsuniyoyinsu da karin harshensu na yamma wanda ke janyewa a bakin matasa, in aka shafe masa, ina zai nufa? Tsohon da ya yi maganar wataƙila ya riga mu gidan gaskiya.

Wasu za su ce a koma tsarin exFAT, wanda ya fito a 2006, tunda Windows da Apple da Linux duk suna rubutu a kansa. Gaskiya ne, kuma ina ba da shawararsa ga mai yawo tsakanin na'urori. Sai dai ba ya riƙe littafin bin sawun rubutu kamar NTFS, saboda haka fizge waya ya fi yi masa illa.

Kirana ga malamai 'yan'uwana: kada mu sa hannu a babin ɗalibi sai mun ga aikinsa a wurare biyu. Sassan nazarin kwamfuta kuma su haɗa kai da na harsuna a fitar da takarda guda cikin Hausa, mai bayyana wa ke hanawa a kowane hali da matakin da za a ɗauka, a raba wa shagunan gyara na Jega da Aliero da Maiyama. Layin farko ya ce: a kwafe tukuna.