Ciwon Da Ba Ya Zubar Da Jini

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar wata masana'anta a Bompai ko Sharaɗa ko Kakuri a lokacin tashi daga aiki, lalle ya ga abin da muke so mu yi magana a kansa yau. Wannan ya fito dafe da ƙugu, wancan yana murza kafaɗa, wani kuwa yana yarfe hannu domin yatsunsa sun sage. In ka tambaye su, amsar ɗaya ce: gajiya ce, ko sanyi ne ya shiga jiki. Mu kuwa a ganinmu yawancin wannan ciwo rauni ne da aiki ya jawo, kuma ya cancanci a ɗauke shi kamar yadda ake ɗaukar raunin wanda inji ya datse wa yatsa.

Hausawa sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Haka wannan ciwo yake shiga. Tsakanin ƙasusuwan bayan mutum akwai guringuntsi mai taushi wanda ke tare nauyi. Idan lebura ya sunkuya ya ɗaga kaya, ya kuma murɗa jikinsa da kayan a hannu, sau ɗaruruwa a yini, guringuntsin nan da tsokar da ke kewaye da shi su ke shan wahala, har wata rana ya kasa miƙewa. Ita ma mai cusa kaya a kwali, wadda ke lanƙwasa wuyan hannu iri ɗaya daga safe zuwa yamma, jijiyar da ta ratsa wuyan hannunta takan matse, sai babban yatsa da manuniya da na tsakiya su riƙa mutuwa, musamman da dare. Ga doguwar tsayuwa a kan daɓen siminti, ga aiki da hannu sama da kafaɗa, ga girgizar inji. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya zubar da jini, shi ya sa ba a ganinsu.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, inda ya nuna illar maimaita motsi ɗaya da daɗewa a zaune ko a tsaye, ya kuma shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa. A zamaninmu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan 1.7 ne ke fama da ciwon tsoka da ƙashi da gaɓoɓi, kuma ciwon baya shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane a duniya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, da ta sabunta jerin cututtukan da aiki ke jawowa a 2010, ta sa irin waɗannan ciwace-ciwace na wuyan hannu da gwiwar hannu da gwiwa a ciki.

Mu ɗauki misali ɗaya wanda kowa ya sani. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyakar nauyin da ya dace mutum ya ɗaga, shi ma sai in kayan suna kusa da jiki, ba sunkuyo mai yawa, ba murɗa jiki, ba yawan maimaitawa. Buhun siminti ko na taki ko na fulawa a ƙasar nan kilo 50 ne, wato ya haura ninki biyu na wancan ma'auni. Amma shi ne ɗan'uwanmu ke saɓawa a ka ko a kafaɗa yini guda, sau da yawa kuma aikin jinga ne, iyakar buhunanka iyakar kuɗinka. Wanda ake biya ta haka, ina zai ga sararin hutawa?

To, me ma'aikaci ke yi in ciwo ya matsa? Ba ya faɗa wa shugabansa, domin yana tsoron sallama, musamman in ɗan wucin gadi ne. Sai ya biya ta kemis ya sayi maganin kashe ciwo ya koma bakin aiki. Yawan shan irin su diclofenac da ibuprofen ba tare da shawarar likita ba yana iya jawo gyambon ciki, ya kuma taɓa ƙoda. Wasu kuma sukan zarce zuwa tramadol, alhali binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Nijeriya kimanin miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Idan muna yaƙi da shaye-shaye, bai kamata mu manta da wanda ciwon baya ne ya fara kai shi ba.

Ba a rasa doka ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta ɗora wa sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago alhakin duba wuraren aiki. Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata a 1994. Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma haɗa har da ma'aikatan wucin gadi. Matsalar ita ce, haɗarin da ya auku farat ɗaya yana da rana da shaidu, amma ciwon da ya taru cikin shekara goma ba shi da ko ɗaya. In likita bai tambayi sana'a ya rubuta ba, babu takardar da ma'aikaci zai nemi haƙƙinsa da ita.

Mun san masu masana'antu za su ce suna fama da tsadar wuta da dizal da gasar kayan waje. Gaskiya ne, kuma wanda ya san yadda Kakuri take bayan buɗe masaƙar farko a 1957, ya ga yadda ta koma bayan rufe masaƙu, ba zai so a ƙara wa masana'antun da suka rage nauyi ba. Sai dai yawancin gyaran ba mai tsada ba ne. Baro ko amalanken tura kaya, teburin da ya yi daidai da tsawon mai aiki, kujerar zama jefi-jefi, ajiye kaya masu nauyi daidai ƙugu maimakon a ƙasa, sauya wa mutum aiki bayan 'yan sa'o'i, da ɗan hutu a tsakani: nawa duka za su ci? Kuma gwanin da ya kwanta mako biyu, ko ya bar aiki yana ɗan shekara arba'in, hasara ce ga mai kamfanin kansa.

Saboda haka muna kira ga sufetoci su duba yadda ake ɗaga kaya da tsayuwar ma'aikata kamar yadda suke duba murfin inji. Asibitoci su sa gurbin sana'a a katin majiyyaci, su kuma cika shi. Ƙungiyoyin ƙwadago su sa wannan batu a teburin shawara tare da na albashi, a kuma saurari ma'aikatan kansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuma ɗalibai, waɗanda gobe za ku zama injiniyoyi da likitoci da manajoji, ku tuna cewa inji in ya lalace ana sayo masa kayan gyara, amma ba a sayar da ƙashin baya a kasuwa.

Mutumin da ya ba ƙasa ƙarfinsa shekara ashirin ya cancanci ya tsufa yana iya sunkuyawa ya ɗauki jikansa. Allah ya sa waɗanda abin ke hannunsu su ji, su kuma aikata.