Kwanon Kaka Ya Fi Ƙarfin Bola

Wata ranar Asabar da hantsi, ina dawowa daga kasuwar Bulumkutu, sai na tarar da wani ɗan gwangwan ya tsaya da kurarsa a ƙofar gidan maƙwabtanmu. A cikin kurar akwai langa uku masu zanen furanni, da wata tasa ta tagulla wadda tsufa ya dusashe haskenta. Jikokin gidan ne suka fito da su, shi kuwa yana miƙa musu robobi sababbi a madadinsu. Da na shiga gaida tsohuwar gidan, na ce da ita, "Iya, ashe kin yarda a rabu da kayan jerenki?" Sai ta yi murmushi ta ce, "'Yata, yaran sun ce kayan sun tsufa, suna jin kunyar kai wa baƙi abinci a ciki."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a zuci. Ra'ayina shi ne, babu abin kunya a cikin tsohon kwano. Hasali ma, wanda ya iya zaɓensa, ya san abin da ya dace a zuba a ciki, ya fi mai sabuwar roba iya karrama baƙo.

Bari mu fara da tarihin kayan nan. Tun kafin zuwan Turawa, kakanninmu suna zuba tuwo a akushi, wanda masassaƙa suke sassaƙawa daga itace. Suna dama fura a ƙwarya, su sha da ludayi, su rufe abinci da faifai. Masu hali kuma suna da tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida suka yi suna a kansu, kuma har gobe ana sayar da su a Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, cikin ƙarni na 15. Daga baya, a ƙarni na 20, sai langa da samira da fanteka suka shigo. Su waɗannan ƙarfe ne da aka lulluɓe da narkakken gilashi mai launi. Da farko daga Turai da Hong Kong ake kawo su, amma daga wajen 1960 sai aka kafa masana'antunsu a Ikko da Kano. Bayansu tangaran da kofunan gilashi suka biyo, sannan kula da roba.

A ƙasar Hausa da ta Borno, waɗannan kaya sun wuce mazubin abinci kawai. Su ne jeren amarya, su ne dukiyar mace da take iya sayarwa ranar da wata larura ta taso. Wata Bajamushiya mai nazarin al'adu, Editha Platte, ta wallafa bincike a 2004 a kan kwanukan da matan Kanuri suke jerawa a ɗakunansu. To, idan har baƙuwa ta taso daga wata nahiya don ta nazarci abin da ke ɗakin iyayenmu, ina hujjarmu ta miƙa shi ga mai auna ƙarfe a sikeli?

Dalilina na farko shi ne ƙarko. Langar da ta shekara 50 tana aiki ta riga ta ba da shaidar ingancinta. Roba kuwa, shekara kaɗan take yi ta koɗe, ta tsage, ta ƙare a cikin kwata tana toshe hanyar ruwa.

Dalili na biyu shi ne, tsohon kwano yana zuwa da labari. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ne. Amma hira ma wani ɓangare ne na shimfiɗar fuska. Idan aka kawo wa baƙo burabusko da miyar kuka a cikin samirar da aka kai kakarka ɗakin miji da ita, an ba shi abinci, an kuma ba shi abin tambaya. Zai san cewa an ɗauko masa abin da gidan yake ji da shi.

Dalili na uku shi ne, irin waɗannan kaya suna ƙarewa. Mu mutanen Maiduguri mun san yadda dukiya take salwanta dare ɗaya. Mun ga gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairun 2023. Mun ga ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumbar 2024. Kafin su, dubban iyalai sun gudo daga garuruwansu saboda rikici, ba su ɗauko ko ludayi ba. Duk gidan da tasar kakarsu ta tsira daga waɗannan masifu, bai kamata su sayar da ita a kuɗin ƙwaryar gero ba.

Sai dai akwai masu cewa tsofaffin kwanuka suna da haɗari ga lafiya. Ba zan ƙaryata su ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Amma maganin wannan shi ne sanin yadda ake zaɓe.

Idan langa ce ko samira, a ɗaga ta a duba cikinta a cikin haske. In fentin ciki ya ɓare har ƙarfe ya fito ya yi tsatsa, to ta gama aikin miya. Sai a mai da ita mazubin goro, ko dabinon da ke cikin leda, ko a bar ta a jere don ado. In kuwa cikinta sumul yake, ɗan ɓarewar gindi ba ya hana ta aiki.

Idan tasar tagulla ce, a kiyaye zuba mata abu mai tsami, kamar nono da kunun tsamiya da zoɓo. Tsami yana cin tagulla, ya fitar da wani kore-kore mai cutarwa. Aikinta shi ne ɗaukar busasshen abu, ko ruwan wanke hannu. Toka da lemon tsami suna dawo mata da haske, muddin an ɗauraye ta sosai bayan an goge.

Akushi da ƙwarya kuma, a duba kada su kasance da tsaguwa, domin a nan dauɗa take maƙalewa. Ba a jiƙa su cikin ruwa su kwana, kuma a inuwa ake shanya su.

Saura gilashi. Akwai wani irin gilashi mai nauyi da ƙyalli wanda ake kira kiristal. Wani Baturen Ingila mai suna George Ravenscroft ne ya shahara da ƙera shi, tun a 1674. Ana gane shi da nauyinsa, da kuma doguwar ƙara mai daɗi da yake yi idan an ɗan ƙyasta bakinsa da farce. Asirin ƙyallinsa shi ne dalma da ake haɗawa a cikinsa, wadda takan kai kashi 24 cikin 100, ko ma fiye. Dalma kuwa guba ce. Ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Saboda haka kada a ajiye zoɓo ko lemo a tulun kiristal ya wuni, kuma kada a ba yara da masu juna biyu abin sha a cikinsa. Haka nan tsohon tangaran da aka yi wa zane a cikinsa, in zanen ya fara gogewa, gara a bar shi a kabad.

Wani zai ce, "Ai kayanmu ba su yi kama da juna ba, wannan ja, wancan shuɗi." Wa ya ce dole sai sun zama iri ɗaya? Tire mai tsabta, da langa biyu, da faifai mai kyan saƙa, da 'yan kofunan shayi, sun isa su fitar da mai gida kunya. Mu tuna cewa Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, da ginin tukwane na gargajiya ta yi suna a duniya.

Ni dai a wannan rana na biya ɗan gwangwan kuɗin tasar, na mayar wa Iya. Da Ƙaramar Salla ta zo, a cikinta aka kawo mana dabino, jikokin nan kuwa suna zaune suna sauraron labarin ranar da aka kawo ta gidan. Ku ma, ɗalibai, in kun koma gida, ku tambayi iyayenku mata sunan kowane kwano da ke cikin jere, da wanda ya saya, da shekarar da aka saye shi. Ku rubuta amsoshin a littafi, ku adana.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da marubuciyar ta bayar na riƙe tsofaffin kwanuka.
2. Me ya sa ba a zuba nono a tasar tagulla?
3. Ta yaya ake gane gilashin kiristal?
4. Yi bayanin karin maganar da ke cikin sakin layi na shida.
5. Ka yarda da ra'ayin marubuciyar? Rubuta naka ra'ayin cikin jimloli 10.