Kafin Mu Zuba Kuɗin Shanu A Takardar ETN, Mu San Wa Muke Bi Bashi

Muna so mu ɗan yi tsokaci a kan wata magana da ta fara yawo a tsakaninmu, tun ba ma bayan cinikin Layya ba, lokacin da kuɗi kan ɗan zauna a hannu.

Wasu samari masu ɗamara da jaka a hannu suna zagayawa daga Treichville zuwa Adjamé, suna bin rumfuna da wayoyinsu. Sun shiga kasuwar Gouro wajen matan nan masu ayaba da rogo da tumatir, waɗanda kamyo-kamyo ke sauke wa kaya tun kafin asuba, suna yi masu bayanin inda za su kai kuɗin adashinsu. Mu ma sun same mu. Har cikin 'ya'yanmu da suka yi boko akwai masu cewa, Baba, wahalar nan ta isa, ga takarda ana saye ana sayarwa a waya, babu dusa, babu direba, babu duwan. Sunan takardar da suka fi ambata shi ne ETN. To, mun zauna da waɗanda suka san abin, mun yi tambaya, ga kuma abin da muka fahimta da kuma ra'ayinmu a kai.

Ita dai ETN takardar bashi ce. Wani babban banki ne yake fitar da ita, ka ba shi kuɗinka, shi kuma ya yi maka alkawari cewa in wa'adi ya cika, wanda kan kai shekara 10 har zuwa 30, zai biya ka gwargwadon yadda farashin wani kaya ya tashi ko ya faɗi, ko zinariya, ko man fetur, ko hatsi. Misali ka zuba jaka 500, farashin kayan ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, to takardarka ta zama jaka 550, sai a cire la'adar banki ta shekara. In kuwa farashi ya faɗi, kai ne da asara. Ba dole ne ka jira wa'adi ba, kana iya sayar wa wani ita a kasuwar hannun jari duk ranar da aka buɗe. Bankin Barclays na Ingila ne ya fito da ita a Amurka cikin 2006, yanzu kuma ana cinikin irinta a kasuwannin Turai da na Johannesburg.

Ba za mu ɓoye alfanunta ba, don ƙin gaskiya ba ya cikin tarbiyyarmu. Takarda ba ta kamuwa da ciwon huhu ko sammore. Ba ta ramewa a cikin wagon tsakanin Ouangolodougou da Abijan, ba ta karyewa a kamyo, ɓarayin daji ba su kore ta da dare. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya shiga da kuɗin da bai kai na maraƙi ba. Farashinta a fili yake, kowa na gani, babu raɗa a cikin hannun riga. Sannan mutum yana nan zaune a Adjamé yana iya cin ribar tashin zinariya ba tare da ya ajiye ko ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin katifa ba. Akwai kuma batun canji. Manyanmu ba su manta watan Janairun 1994 ba, da aka wayi gari faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Wanda dukiyarsa ke tsaye da ƙafa huɗu ya tsira, har ma ya samu, don naman ƙanƙara na Turai ya yi tsada, mahauta suka dawo kan shanun Mali da Burkina da Nijar. Wanda ke riƙe da kuɗin waje shi ma ya tsira. Wanda ya tara sefa zalla kuwa, rabin ƙarfin kuɗinsa a waje ya tafi a dare ɗaya. Saboda haka masu cewa kada a tara komai a wuri ɗaya ba su yi ƙarya ba.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Mu a sana'armu kowa ya san yadda bashi yake tafiya. Falke ya kawo shanu daga arewa, ya sauka wajen maigidansa. Dillali ya haɗa shi da mahauci. Mahauci ya ja sa, ya ce sai ya sayar da nama zai biya. Me ya sa falke yake yarda ya saki igiya ga mutumin da bai taɓa gani ba? Saboda maigida ya tsaya masa. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa, in kuwa ya ƙi, sunansa ya ɓaci daga nan har Pouytenga, babu baƙon da zai sake sauka gidansa. Wannan lamuni shi ne ƙashin bayan kasuwarmu.

To ita ETN bashi ne da babu maigida a tsakani, babu kuma jingina. Bankin bai ware wata zinariya ko wani garke ya ce wannan na masu takarda ne ba. Abin da ke hannunka alkawarinsa ne kawai. Muddin yana tsaye, zai biya. Ranar da ya durƙushe, sai ka shiga layi tare da sauran masu binsa bashi, ka jira abin da kotu za ta rage maka, ko da kuwa farashin zinariyar da ka bi ya ninka sau biyu. A nan ta bambanta da 'yar'uwarta da ake kira ETF, wadda ita asusu ne da ake sayen kayan ko hannun jarin a ajiye da sunan masu zuba kuɗi. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a suna, amma a wajen hatsari tazarar tana da yawa, kuma samarin nan ba su cika tsayawa su bambance ba.

Wani zai ce ai manyan bankunan Turawa ba su faɗuwa. Bankin Lehman Brothers na Amurka ya shekara 158 yana aiki, ranar 15 ga Satumba 2008 ya karye, masu riƙe da takardunsa na ETN suka koma 'yan bin bashi a kotu, abin da suka samu bai kai rabin kuɗinsu ba, shi ma sai bayan dogon jira. Bankin Credit Suisse na Suwizalan yana da wata takarda mai suna XIV da mutane suka yi ta rububi saboda ta yi shekaru tana hawa. Ranar 5 ga Fabrairu 2018 ta zubar da fiye da kashi 90 cikin 100 na darajarta cikin 'yan sa'o'i, bankin kuma ya rufe ta, domin a cikin sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe yana da ikon yin haka. Shi kansa bankin, cikin Maris 2023 sai da aka haɗa shi da UBS don kada ya faɗi. Ko Barclays da ya ƙirƙiro abin, cikin Maris 2022 ya dakatar da fitar da sababbin takardu na wasu daga cikin ETN ɗinsa, farashinsu a kasuwa ya rabu da farashin kayan da ya kamata su bi. Mu in sa ya rame, muna da nama da fata da ƙaho. In takarda ta mutu, ko kirgi babu.

Akwai wata ma da ta shafe mu kai tsaye, don an taɓa yi mana kwaɗayi da ita cewa ai ta sana'armu ce. Barclays ya taɓa fitar da ETN mai laƙabin COW, wato saniya da Turanci. Da aka bincika, farashin da take bi na alkawuran cinikin gaba ne a kasuwar Chicago, inda tun 1964 ake cinikin shanun da ba a kawo ba tukuna. Na farko, farashin shanun Amurka ba ruwansa da abin da ake ciki a Port-Bouët ko a turakun Adjamé. Mu abin da ke motsa namu shi ne damina, da tsaron hanya, da buɗewa ko rufewar iyaka, da kusantowar Layya. Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, ma'aunin da takardar ke bi ba shanu kaɗai ba ne, an gauraya shi da farashin aladu. Musulmi ya sa guminsa yana fatar alade ya yi tsada? Allah Ya kiyaye. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa suna ba shi ne kaya ba.

Mu ba malamai ba ne, amma mun zauna a gabansu, mun kuma ji babin ciniki a Risala. Mun san an hana riba, an hana garari, an hana mutum ya sayar da abin da bai mallaka ba, an kuma tsananta a kan cinikin bashi da bashi. To takardar da asalinta rance ne ga banki, abin da za a mayar maka kuma ba a san ko nawa ba ne sai yadda farashi ya kaɗa, kuma babu kaya a ƙasa, kowa ya auna ta da wannan mudu ya gani. Mu dai zuciyarmu ba ta kwanta da ita ba. Hukunci na malamai ne, amma duk wanda zai kai masu tambaya ya kai ta cikakkiya, ya gaya masu bashi ne ba hannun jari ba, kada ya ɓoye rabi don ya samo fatawar da yake so.

Sai kuma batun hanya. Kasuwar hannun jarin da muke da ita a nan, wato BRVM da ke Plateau, ta fara aiki cikin Satumba 1998, ta ƙasashe takwas ce masu sefa: Kodebuwa, Benin, Burkina, Gini Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Abin da aka san ta da shi hannun jarin kamfanoni ne irin su Sonatel da Orange, da takardun bashin gwamnatoci da na kamfanoni, da sukuk. Ba a shiga sai ta hannun dillalai masu lasisi da ake kira SGI, hukumar AMF-UMOA kuma ita ke sa masu ido. Wanda ya zo maka da ETN kuwa, kuɗinka waje zai fita, ya koma dala ko yuro, alhali fitar da kuɗi yana da ƙa'idojinsa a dokar canji ta babban bankinmu BCEAO. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655,957, amma dala hawa da sauka take yi, don haka kana iya cin riba a takarda ka yi asara a canji. In kuma rigima ta tashi, a wace kotu za ka kai ƙara, da wane harshe, da kuɗin wane lauya?

Mafi muni shi ne mai sayar maka da sunan takarda alhali ko takardar babu. Mutanen Abijan ba su manta abin da ya faru a 2017 ba, lokacin da gwamnati ta rufe asusun kamfanonin nan da suka ce suna noma da kuɗin jama'a, suna alkawarin ninka shi cikin 'yan watanni. Dubban mutane ne kuɗinsu ya maƙale, har da 'yan kasuwa da ma'aikata. ETN ta gaskiya ba zamba ba ce, amma ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin riba tabbatacciya ba. Duk wanda ya ce maka kashi kaza ne duk wata babu fashi, to ba ETN yake sayarwa ba, kai yake saye.

Wanda ya ga lalle yana son ya ajiye wani abu a takarda, akwai na kusa da gida. Gwamnatin Kodebuwa ta fitar da sukuk na sefa biliyan 150 a 2015, ta sake na biyu a 2016, wanda aka gina a kan hayar gine-ginen gwamnati, bayan Senegal ta fara nata a 2014. Aƙalla a nan akwai kadara da aka ambata, akwai kuma ofishin da za ka taka da ƙafarka ka je. Amma ko takardar gwamnati ba a ce babu hatsari ba. Mali a 2022 da Nijar a 2023 sun yi watanni ba su iya biyan masu binsu a kan lokaci ba saboda takunkumin da aka sa masu. Gana kuwa a ƙarshen 2022 ta nemi masu riƙe da takardunta su karɓi sababbi masu dogon wa'adi da ƙarancin amfani, har 'yan fansho suka fito zanga-zanga a Ankara.

Shawararmu ga 'yan ƙungiya ita ce, uwar kuɗi, wato abin da ake sayo kaya da shi da wanda ake biyan fatake, kada a taɓa ta. Kuɗin amana na baƙo da ke hannun maigida kuwa, ko kusa, don wanda ya jefa shi a takarda ya ci amana tun kafin a yi asara. In rara ce wadda ko ta salwanta gida ba zai girgiza ba, to kafin a sa hannu a yi tambaya huɗu: wane ne zai biya ni, me ya ajiye jingina, yana da ikon rufe takardar ba da yardata ba, kuma ina lasisin wanda ya kawo mani ita? In ya fara kame-kame a ko ɗaya, a sallame shi da girma da arziki. Matan Gouro da muke maƙwabtaka da su ba su zuba adashi sai sun san uwar adashi, sun san rumfarta da gidanta. Mu ma ba mu taɓa yarda da cinikin biri a sama ba, sai mun duba haƙori, mun shafa tozo, mun sa an kora dabba mun ga tafiyarta.

Muna kuma roƙon shugabanni da su gayyato wani dillalin SGI mai lasisi tare da malami masanin fiƙihun ciniki a taro mai zuwa, a zauna a yi bayani da Hausa, kowa ya yi tambayarsa a gaban jama'a. 'Ya'yanmu 'yan boko su ma su zo, don ba ƙin ci gaba muke yi ba, so muke a san abin da ake saye kafin a ƙirga kuɗi.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya tsare mu da haram da asara, Ya kawo na kan hanya gida lafiya. Wassalam.